Rumfar da ta ɗaura arzikinta a ƙafar Barcelona: nazarin wani gidan kallon ƙwallo a Tawa

Mafari, 2008 zuwa 2009

Mutumin da wannan nazari ya shafa Ba'adare ne, yanzu ya haura shekara 50. Kamar yawancin samarin Adar na zamaninsa, ya yi bida, wato ci-rani, a Abijan, shekara bakwai yana tsaron teburin wani kawunsa. Can ya kamu da son Barcelona, zamanin Ronaldinho da Samuel Eto'o ɗan Kamaru. Yana cikin waɗanda suka cika wata rumfa a 2006 suka ga Eto'o ya farke ƙwallon da Arsenal ta ci a Paris, Belletti ya ƙara ta biyu, kulob ɗin ya ɗauki kofin Zakarun Turai karo na biyu a tarihinsa.

Da ya dawo Tawa a ƙarshen 2008, abokan tafiyarsa suka sayi baburan kabu-kabu, shi kuwa ya kafa rumfar kwano a wani kango na gidansu. Ya sa benci 12, kowane yana ɗaukar mutum 6 idan an matsa, da tele biyu, da ƙaramin gurup, wato injin wuta, saboda ɗaukewar wuta, ya biya abonma, wato kuɗin kama tashoshi. Kuɗin shiga dala 20, wato sefa 100. Ranar babban wasa dala 40. Yana da wani littafi irin na ƴan makaranta inda yake rubuta benci nawa suka cika kowane dare. Duk lissafin da zan kawo game da rumfar daga littafin nan ya fito, kuma ni kaina na daɗe ina goge waɗannan bencina da wandona.

Ya buɗe a kan gaɓa. Kakar ce ta farko ta Pep Guardiola a matsayin koci. Ranar 2 ga Mayun 2009 Barcelona ta je har gidan Real Madrid ta zuba mata 6 da 2. Bayan kwana huɗu, Iniesta ya jefa wa Chelsea ƙwallo a mintin ƙarshe a Landan, ya fitar da ita daga kofin Zakarun Turai. Daren nan rumfar ta rabu biyu, domin ƴan bida da yawa mutanen Drogba ne, ɗan Kwaddibuwar da ke wasa a Chelsea, sun baro Abijan da son Chelsea a ransu. Ranar 27 ga watan, a birnin Roma, Eto'o da Messi suka ci Manchester United 2 da nema. Yaya Touré na Kwaddibuwa, wanda ɗan tsakiya ne, shi aka mayar baya ya tsare gida saboda rashin ƴan wasa, Seydou Keita na Mali kuma ya shigo daga baya. Ɗan Kamaru, ɗan Kwaddibuwa da ɗan Mali a kulob guda: wannan ya jawo wa Barcelona magoya baya a unguwar fiye da duk wani dogon bayani. Kafin shekarar ta fita kulob ɗin ya tara kofi 6.

Shekarun cika, 2010 zuwa 2017

Mai rumfar ya shafe bango da shuɗi da ja. Ya kafa ƙa'ida: idan Barcelona na wasa, tele biyun duka ita za su nuna, ko wane ne ke wasa a wani wurin. Babu wanda ya yi ƙorafi sosai, saboda a lokacin ita kowa ke son gani.

Yana da bakin labari. Kafin a take wasa ko lokacin hutun rabin lokaci, yakan tsaya gaban tele ya zayyano tarihi kamar mai karanta asalin sarauta: wani ɗan Suwizalan, Joan Gamper, ya kafa kulob ɗin a 1899, aka buɗe filin Camp Nou a 1957, Johan Cruyff ya karɓi horarwa a 1988, ya ci gasar Sifaniya sau huɗu a jere daga 1991 zuwa 1994, kuma a hannunsa Koeman ya buga bugun tazarar da ya kawo kofin Turai na farko a Wembley a 1992, kan Sampdoria. Yakan ce kulob ɗin ba na wani attajiri ba ne, na membobinsa ne, su ke biyan kuɗin shekara, su ke zaɓen shugaba. Sai ya rufe da makarantar yara ta La Masia, wadda ta fitar da Messi da Iniesta da Xavi, su ukun da suka zo na ɗaya da na biyu da na uku a kyautar Ballon d'Or ta 2010.

Wani dare na wannan zamani yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Ranar 29 ga Nuwamban 2010 Barcelona ta ci Madrid ta Mourinho 5 da nema. Ba'a ta yi yawa, wani yaro ɗan Madrid ya ji an taɓo iyayensa, hannu ya shiga, benci guda ya karye. Mai rumfar bai tsaya bin ba'asi ba, ya kori ƴan Madrid gaba ɗaya, ya ce kada ya sake ganin farar riga a wurinsa. Su wajen 20 ne. Suka koma wani gidan kallo da ke ƙetaren kwalta. A littafin ba a ga giɓinsu ba, domin wasu sun cike gurbin nan take.

Sauran shekarun sun wuce cikin daɗi. Wembley a 2011, 3 da 1 kan Manchester United. Berlin a 2015, 3 da 1 kan Juventus, Rakitic da Suárez da Neymar suka ci, kofin Turai na biyar, kuma karo na biyu da kulob ɗin ya haɗa manyan kofuna uku a kaka guda. Daren 8 ga Maris na 2017, da Barcelona ta rama 4 da nema da PSG ta Faransa ta yi mata da ci 6 da 1, ya rubuta a littafin: benci 12, tsaye ba adadi. Da kuɗin rumfar ya yi aure na biyu, ya kewaye gidan da bulo.

Alamun farko, 2017 zuwa 2019

A Agustan 2017 PSG ta biya Yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar. Barcelona ta zuba kuɗin, har da ƙari, kan Dembélé da Coutinho, daga baya Griezmann, ba wanda ya cike gurbin. A Afrilun 2018 Roma ta fitar da ita da ci 3 da nema bayan ita Roman ta sha 4 da 1 a wasan farko. Ranar 7 ga Mayun 2019, a farkon azumi, aka je Anfield, gidan Liverpool, da rarar ƙwallo uku. Liverpool ta ci 4, ta ƙarshe daga wani bugun kusurwa da aka yi da sauri ƴan baya suna kallon wani wuri. Mutane sun yi gaggawar fitowa daga asham don su ga wasan, suka watse ba mai yi wa wani sallama.

Kulob ɗin ya ci gasar Sifaniya a 2018 da 2019, don haka mai rumfar bai ga abin damuwa ba. Amma littafin ya nuna wasannin mako-mako sun sauko daga benci 10 zuwa 7. Wayoyin hannu sun yi yawa, samari sun fara kallon taƙaitaccen wasa a fada suna shan shayi. Ya ɗora laifin kan waya kawai.

Faɗuwa, 2020 zuwa 2021

A Maris na 2020 cutar korona ta tsayar da gasar Sifaniya, a nan gida ma aka hana taruwa. Rumfar ta zauna a rufe. Da aka dawo, wasan farko da ya tara mutane sosai shi ne na 14 ga Agusta a Lisbon, inda Bayern Munich ta ci Barcelona 8 da 2. Tun kafin a kai ta takwas rabin bencin sun zama wayam, kuma ana jin ihun gidan ƙetaren kwalta tun daga nan.

Shugaban kulob ɗin, Bartomeu, ya sauka a Oktoba. Membobi suka dawo da Joan Laporta a Maris na 2021. Ranar 5 ga Agustan 2021 aka sanar cewa Messi ba zai zauna ba, saboda ƙa'idar albashi ta gasar Sifaniya ba ta bar kulob ɗin ya yi masa rajista ba. Ya tafi PSG da ƙwallo 672 da ya ci wa Barcelona. A cikin watan Laporta ya faɗi cewa bashin da ke kan kulob ɗin ya kai Yuro biliyan 1.35. A Disamba Barcelona ta kasa fita daga rukuni a kofin Zakarun Turai, abin da ta yi shekara kusan 20 ba ta gani ba.

A littafin, wasan Barcelona ya koma benci 3, wani daren 2. Kuɗin shiga ba ya biyan abonma da man gurup. Ya fara cin bashi wurin mai shagon unguwa.

Abin da aka gwada bai yi ba, Satumba 2021 zuwa Maris 2022

Da farko ya rage kuɗin shiga zuwa dala 10. Yara ƙanana suka ƙaru, manya ba su dawo ba, abin da ke shiga aljihu ya ragu. Bayan mako shida ya mayar da kuɗin yadda yake, yaran ma suka tafi.

Sai ya karɓi babbar tele bashi wurin wani ɗan kasuwa, a kan zai biya wata-wata. Makon farko an zo ganin tele. Mako na uku aka koma benci 3, ga bashi ya ƙaru.

Gwaji na uku shi ne ya fi yi masa ɓarna. Ya lura yaran da suka daina zuwa Messi suka bi, don haka ya mayar da babbar telen ta PSG, ya tura Barcelona kan ƙaramar da ke kusurwa. Ƴan tsirarun da suka rage, waɗanda suka zauna da shi har daren 8 da 2, suka ji an ci amanarsu. Wani dattijo daga cikinsu, tsohon malamin makaranta da kowa ke kira Mushe, ya ɗauki butarsa ya fita bai ce uffan ba. Masu bin Messi kuwa sun zo sau biyu sau uku, suka ga wasannin gasar Faransa ba su da zafin da suka saba, suka koma waya. Ranar 9 ga Maris na 2022 Benzema ya zura wa PSG uku a Madrid, ya fitar da ita da Messinta. Daren nan rumfar tana da benci 4. Gidan ƙetare har kan titi mutane suka tsaya.

Washegari ya fara neman mai sayen gurup da bencina.

Juyawa, Maris zuwa Agustan 2022

Mushe ne ya je ya same shi a gida bayan la'asar. Abin da ya faɗa masa gajere ne: "Ɗana, shekara goma sha kana gaya mana Barcelona ta membobi ce, su ke biya, su ke zaɓe. To, ita rumfar taka ta wa ce? Ranar daɗi mu ƴan kallo ne, ranar wuya kai kaɗai ne."

Suka zauna da mutum tara da suka rage, suka tsara abu kamar adashi. Duk mai so ya zama mamba zai ba da jaka guda a wata, ya shiga kowane wasa ba tare da biya a ƙofa ba. Wanda ba mamba ba yana biyan dala 20 kamar da. Daga kuɗin membobi ake fara cire abonma da mai, a ware kaso guda a ajiye wurin Mushe, saura na mai rumfa ne. Idan wasanni biyu suka haɗu, membobin da ke wurin ke ɗaga hannu a zaɓi wanda zai hau babbar tele. Wannan sharaɗin ya yi masa ɗaci, ya kwana biyu kafin ya amince.

Mutum goma ba su isa riƙe rumfa ba, kuma kowa ya san inda sauran suke. Yaron da aka kora a 2010 ya zama magidanci mai shagon gyaran waya, shi ne kuma babba a fadar ƴan Madrid. Mai rumfar ya sayi ganyen shayi da sukari ya tafi fadar da kansa. Ya ce: "Ƙanena, abin da ya faru daren nan ban bi ba'asi ba. Na zo ka yafe mini." Shi kuwa ya ce: "Yaya, ya wuce tuni. Amma ba za mu zauna ƙarƙashin bango shuɗi da ja ba kamar baƙi." Aka shirya kan a shafe bangon gabas da fari. Aka kuma kafa doka: ba'a halal ce, amma wanda ya taɓo iyaye ko ya ɗaga hannu zai biya tarar dala 100 cikin asusu, ya huta mako biyu.

Wasan farko da aka kalla tare shi ne na 20 ga Maris, kuma ƙaddara ta sa Barcelona ta koci Xavi ta ci Madrid 4 da nema a gidanta, Aubameyang ɗan Gabon ya ci biyu. Nan aka gwada dokar. An yi ba'a har ta ishi kowa, ba a yi faɗa ba. Bayan mako uku da ƴan kwanaki Eintracht Frankfurt ta fitar da Barcelona daga gasar Europa a Camp Nou, ƴan Madrid suka rama ba'arsu da riba. Ranar 28 ga Mayu, da Vinícius ya ci Liverpool a Paris Madrid ta ɗauki kofinta na Zakarun Turai na 14, littafin ya nuna benci 12 karon farko tun kafin korona, a wasan da Barcelona ba ta ciki.

An ƙara wani ƙaramin abu a lokacin hutun gasa, cikin damina. Daren Alhamis yakan sa tsofaffin wasanni kyauta, na 2009 da 2011 da 2015, ya tsayar da hoton yana yi wa yara bayanin yadda Xavi da Busquets ke buɗe fili. Ƴan Madrid suka ce ai su ma suna da Zidane da ƙwallonsa ta 2002 a Glasgow, aka raba makonnin. Ba ya kawo ko dala, amma yaran da ba su taɓa ganin Eto'o yana wasa ba sun fara gardama a kansa. A ƙarshen Agusta membobi sun kai 41.

Gwajin wuta, 2023 zuwa 2024

Barcelona ta sayar da kashi 25 cikin 100 na kuɗin nuna wasanninta na gasar Sifaniya na shekara 25, ta sayo Lewandowski, ta ci gasar a 2023. Kofin duniya na Katar ya riga ya cika asusu. Sai matsala ta zo ta inda ƙwallo ba ta da hannu. A ƙarshen Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, farashi ya tashi wurin ƴan ruwa-ruwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take turowa. Gurup ɗin da aka saya don ɗaukewar minti talatin ya koma shi ne wutar dare duka, kuma ya tsufa.

Gidajen kallo biyu a yankin suka rufe, har da na ƙetaren kwalta. A wannan rumfar membobi suka zauna, Mushe ya kawo abin da ke asusu, bai isa ba, aka yi karo-karo, ƴan bida uku da ke Abijan suka turo nasu. A Oktoba aka ɗora farantan sola biyu kan kwano, da batir da ke riƙe babbar tele da fanka guda na tsawon wasa biyu. An rubuta cewa kayan solan na membobi ne, ba na mai rumfa ba. Ranar 11 ga Fabrairun 2024, da Kwaddibuwa ta ci Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan, unguwar na cikin duhu, rumfar na haske. An cire takunkumin a ƙarshen watan.

Inda aka tsaya, 2024 zuwa 2025

Madrid ta ƙara kofi na 15 a Yunin 2024. Barcelona ta ɗauko Hansi Flick, wanda shi ne kocin Bayern a daren 8 da 2, kuma da Lamine Yamal da Pedri da Raphinha ta ci Madrid sau huɗu a kaka guda: 4 da nema a Oktoba, 5 da 2 a Jidda a Janairu, 3 da 2 a wasan ƙarshe na kofin Sarki a Afrilu, 4 da 3 a Mayu. Ta ɗauki gasar Sifaniya ta 28. Inter ta hana ta zuwa wasan ƙarshe na Turai a ƙarin lokaci ranar 6 ga Mayu, kuma ba wanda ya tashi kafin busar ƙarshe.

Membobi suna tsakanin 55 da 60. Wasan mako-mako yana cika benci 7 zuwa 8, babban wasa 12. An gama biyan kuɗin tele a 2023, bashin mai shago a farkon 2024. An ci tarar dala 100 sau biyar cikin shekara uku, biyu daga ciki ƴan Barcelona ne, ɗaya kuma ƙanin mai rumfar ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Hukunci

Mai sauƙin faɗi shi ne a ce Barcelona ta farfaɗo, rumfar ta farfaɗo. Littafin bai goyi bayan haka ba. Bencin sun cika a Mayun 2022, lokacin da kulob ɗin ya ƙare kakar hannu rabbana, kuma sun riƙe a kakar 2023 zuwa 2024 da bai ci komai ba. Dawowar nasara ta ƙara benci ɗaya ko biyu a wasan mako-mako, ba ta fi haka ba.

Rage kuɗi da sabuwar tele sun faɗi saboda ba tsada ko ƙanƙantar hoto ta kori mutane ba. Bin Messi ya faɗi saboda wanda ke bin ɗan wasa guda waya ta ishe shi. Abin da waya ba ta bayarwa shi ne abokin gardama a benci na gaba, kuma shi mai rumfar ya kora da hannunsa tun 2010. Shekarun nasara ne suka rufe asarar har ta yi shekara goma ba a gan ta ba. A ganina zuwansa fadar ƴan Madrid ya fi duk sauran matakan nauyi, domin yanzu duk wanda ya sha kashi tsakanin manyan biyun, rabin rumfar na da dalilin zuwa. Kuɗin wata-wata kuwa shi ya raba abin shigarsa da sakamakon wasa, kuma ba don asusun ba da rumfar ta rufe a 2023 tare da sauran.

Tsarin yana da farashinsa. Abin da yake samu yanzu bai kai na 2015 ba, kuma ba shi ke yanke magana shi kaɗai ba. An taɓa kayar da shi a ƙuri'a aka sa wasan Arsenal kan babbar tele Barcelona na wasa da Getafe, ya kalli nasa a kusurwa yana ƙunƙuni. Mulkin membobi ma ba kariya ba ne daga ɓarna: membobin Barcelona ne suka zaɓi shugabancin da ya tara wancan bashin. Asusun rumfar yana tafiya daidai ne saboda Mushe ke riƙe da shi, ga shi ya manyanta, kuma har yanzu ba a zauna an fitar da wanda zai karɓe shi ba. Cikin damina, da gasa ta tsaya mutane suka koma gona, kusan kashi ɗaya cikin uku na membobi ba sa biya. Batir ɗin ma ya fara rage ƙarfi, yanzu da ƙyar yake kai ƙarshen wasa na biyu, kuma an sa maganar sayen sabo a zaman da za a yi bayan girbi.